Tulun Palmina

Roccamura Marina,
9 ga Maris, 1997

Serafì,

Gaisuwa daga bakin teku. Muna nan lafiya, in aka cire gwiwar kakata Nonna, wadda ta fi mutumin talabijin sanin ranar da za a yi ruwa. Tana cin abinci, tana zagin maƙwabta, don haka likita ya ce ba abin damuwa. Baba yana can Jamus yana ɗora wa wasu bulo, ya aiko da kati lokacin Kirsimeti. Ni kuma ina nan gidan faci. In kin ga baƙin tabo a takardar nan, ba hatimi ba ne, yatsana ne.

Na karanta wa Nonna wasiƙarki. Sai da ta yi ta jera dangi a kan yatsu kafin ta gano ki: jikar yayanta Leo, wanda ya tafi Torino aikin ƙera motoci bai dawo ba sai a hoto. Ta ce ke ce doguwar yarinyar nan da na ciza a hannu a wurin wani biki. Shekarata shida lokacin. In har yanzu da tabo ki yi haƙuri, in babu to ban ciza da kyau ba.

Yanzu ga maganarki. Kin ce mujallarku tana haɗa wurare goma a ƙasar nan da baƙi ba su sani ba, saboda waɗanda suka gaji da Roma da Venezia, kuma kin tuna kakanki yana zancen tsohon garinmu na kan dutse. Kina so in gaya miki ko yana da kyau. Shekara goma sha bakwai ba wanda ya rubuto daga Torino ya ji ko muna da rai, yau an tuna da mu saboda ana neman cikon goma.

To saurara. Hanya tana tashi daga bayan maƙabartar Marina. Mota za ta kai ki har karyayyiyar gada, daga nan sai ƙafa, awa ɗaya da rabi, cikin busasshen kogi sannan hawa. Ba inuwa, ba ruwa. Garin yana manne da dutse kamar gidan zanzaro. Gida ɗari da wani abu, ba hayaƙi ko ɗaya. Ɓaure ya tsiro cikin coci ya leƙo ta taga. A makaranta akwai kabad cike da littattafan da danshi ya kumbura, a nan na yi karatuna, domin ni da makarantar gwamnati mun rabu ina ɗan sha uku, ba wanda ya yi kewar wani. Na karance su duka, har wanda ɓera ya cinye ƙarshensa.

Za ki ga gidaje goma sha ɗaya ƙofofinsu a buɗe, an tokare ƙyaure da dutse. A huɗu daga ciki akwai tebur, da tulu cike da ruwa, da moɗa a gefe. Kakanki bai gaya miki wannan ba? A Oktoban 1951 aka kwana uku ana sheƙa ruwa. Rijiyar gida ta koma laka, sai Nonna ta aiki 'yarta Palmina, mai shekara bakwai, ta ɗebo ruwa a idon ruwan da ke ƙasan gari. Dutsen ya zaftaro. Mutum goma sha ɗaya ba a ga ko takalminsu ba. Gwamnati ta kwashe sauran ta zube su nan gefen layin dogo, cikin gidaje masu kama da kwalin ashana. Amma a wurinmu wanda ba a binne ba, ba a cewa ya tafi, sai dai a ce ya makara. Ba a rufe wa wanda ya makara ƙofa, kuma duk wanda ya hau dutsen nan da ƙishi yake isowa. Dokar ke nan. 'Yan gida ba sa shan ruwan. Tsohon a zubar a bakin ƙofa, a cika sabo.

Shekara arba'in Nonna tana hawa duk Asabar, har gwiwa ta ce ta gaji. Shekara shida ke nan ni ke hawa da jarka a kafaɗa. In na sauko tana nan kan kujerarta a ƙofar gida, ta ce, "An sha?" In ce ba a sha ba. Ta ce, "To, wani makon." Ba mu taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Ni ban yarda da komai ba, kin ji. Na karanta littattafai. Sai dai in na shiga ɗakin ina cire hula, kuma ba na son juya wa ƙofar baya.

Wannan shi ne wurin shaƙatawarki. Kin tambaya na amsa, ki yi abin da kika ga dama da takardar nan.

Ɗan'uwanki mai cizo,
Cosimo


Torino,
22 ga Mayu, 1997

Cosimino,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Zia Consolata, wato Nonnarka, da kyau da kyau. Mu ma lafiya, sai Mama da hawan jininta. Na sa man gwiwa a cikin ƙunshin nan, a shafa safe da yamma. Tabon yana nan a hannun hagu, ina gaya wa mutane wani ɗan kwikwiyo ne na kudu.

Ka yafe mini jinkiri, aiki ne ya sha kaina. Na cancanci gorin da ka yi, har na karanta wa Mama. Amma Cosimo, wa ya koya maka rubutu haka? Na kai wa editanmu inda ka kwatanta hanya da garin, bai ajiye ba sai da ya kai ƙarshe. Tunda ka ce in yi abin da na ga dama, na yi. Buɗe shafi na arba'in da ɗaya, Roccamura ce ta bakwai. Gidan zanzaro naka ne, ɓauren coci naka ne, na sa harafin farko na sunanka a ƙasa.

Abu ɗaya na tsare. Ban ambaci Palmina ba, ban ambaci sha ɗayan ba. Wannan baƙin cikin gidanmu ne, ba na kai wa kasuwa ba. Na dai rubuta cewa gari ne da ba ya rufe ƙofa, kuma matafiyi zai tarar da tulun ruwa a kan tebur kamar ana jiransa. Na ga hakan ya fi mutunci.

Ka ce mini ka ji daɗi, ko da ƙarya ce.

'Yar'uwarka,
Serafina


Roccamura Marina,
14 ga Yuli, 1997

Serafina,

Muna lafiya. Man ya iso, Nonna ta ce yana warin asibiti amma tana shafawa. Gaisuwa ta ƙare. Kuma ki daina ce mini Cosimino, na yi gemu.

Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa, domin abin da na rubuta ko gidan waya ba za su ɗauka ba. Da na ce ki yi abin da kika ga dama da takardar, nufina ki naɗe kifi da ita. Ke da kika yi jami'a, ba a koya muku gane baƙar magana ba?

"Kamar ana jiransa." Kin san abin da layin nan ya yi? Kin cire masu ruwan don mutunci, kika bar tulu ba mai shi, duk wanda ya karanta ya ɗauka nasa ne.

Tsakiyar Yuni suka fara zuwa. Motoci masu lambar Milano, da na Jamus, har da na Holan. Mutane jajir kamar an soya su, da gajeren wando da jakar goyo, mujallarki a naɗe a hannu. Suna tsayawa gidan faci suna tambayata hanyar garin fatalwa. Mota biyu na nuna musu hanyar bola.

Ranar Asabar, ashirin da ɗaya ga Yuni, na hau na tarar da wani ƙato zaune a kujerar Nonna ta can, ya ɗaga moɗa yana murmushi, matarsa tana ɗaukar hoto. Na ɗaga tulu na ji shi fayau, ko ɗigo babu. Abin da na gaya musu ba ya cikin littattafan kabad. Matar ta jira na gama, ta ce mini da Italiyancinta mai ɗingishi wai al'adarmu tana da kyau ƙwarai, ta miƙo mini alewa.

Na sauko da gudu kaina yana tafasa, ina jera miki zagi tun daga gada, ban ma san na iso gida ba. Nonna tana kan kujera, ta ce, "An sha?" Ni kuma da bakin nan nawa da kullum yake riga hankalina tashi, sai na ce, "An shanye tas, ko ɗigo ba a bari ba."

Serafì, ban taɓa ganin fuskar nan ba. Ta kama hannun kujera, na ɗauka faɗuwa za ta yi. Sai ta yi wata 'yar dariya, irin ta yarinya. Sauran maganar tana kan harshena, Jamusawa ne Nonna, da kyamara, amma ta ƙi fita. Ta ce in miƙo mata mataji. Ta ce Asabar mai zuwa in tafi da jarka biyu, in zuba busasshen ɓaure a aljihu in ajiye gefen moɗa, yarinyar tana so. Ranar ta dafa taliya da miyar akuya, abin da ba ma gani sai da biki.

Asabar huɗu ke nan. Duk ranar da na hau tulu fayau, ɓaure ya tafi, wata rana har da guntun sigari a cikin moɗa. Duk ranar ina ce mata an sha. Ban yi ƙarya ba, amma ji nake kamar ina zare mata wani abu daga aljihu tana yi mini godiya. Ta murmure. Tana wanki tana waƙa. Shekarata ashirin da uku a gidan nan ban san tana da muryar waƙa ba.

Ga abin da za ki yi. Ki rubuta cewa gadar ta ƙarasa rushewa, akwai macizai, akwai 'yan fashi. Ai ku mutanen arewa kun riga kun yarda kowa a nan ɗan fashi ne, ba za ki sha wahala ba. Ki kwashe baƙinki kafin wani mai ladabi a cikinsu ya tsaya ƙofar gidanmu ya gode wa tsohuwa da ruwan sanyi.

Cosimo


Torino,
29 ga Yuli, 1997

Cosimo,

Ina fata kana lafiya, da Zia. Mama da sauƙi. Ni ce abinci ya ƙi shiga tun da na karanta wasiƙarka.

Na yi kuskure, ba ni da bakin kare kaina. Na je wurin edita. Ya ce ba za mu buga ƙarya a kan gada ba, kuma fitowa ta gaba sai Nuwamba. Har da gaya mini na bakwai ne ya fi samun wasiƙun yabo. Kaɗan ya rage in kifa masa kofinsa a ka.

Ga Agusta tana zuwa, kowa zai tafi hutu, za su ninka. Ban san al'adar kamarka ba, amma ba za a iya sa wa gidan kwaɗo ba, na wata biyu kawai, har zafi ya wuce? Zia ba ta hawa, ba za ta gani ba. Ruwan yana ciki, an cika alkawari, kayan ɗakin kuma sun tsira. Ka yi tunani a kai, ka rubuto.

Serafina


Torino,
19 ga Satumba, 1997

Cosimo,

Gaisuwa. Wannan ce ta uku ba amsa. Na buga waya shagon shayin tashar jirgi, suka ce ka ce a ce ba ka nan. In fushi kake yi da ni, ka yi, na ci bashinsa. Amma in wani ya riga ya gaya wa Zia, ko wani abu ya same ta, kada ka bar ni in ji a bakin wasu. Layi ɗaya ya isa.

Serafina


Roccamura Marina,
6 ga Oktoba, 1997

Serafì,

Nonna tana da rai, kwantar da hankalinki. Lafiya kam ban ce ba. Wasiƙunki uku suna nan ƙarƙashin gwangwanin gam. Ban amsa ba domin ba da ke nake fushi ba, kuma wanda nake fushi da shi ba ya buƙatar kan sarki.

Da na karanta maganar kwaɗo na yi dariya har maigidana ya leƙo daga ƙarƙashin mota. Na ce sai 'yar Torino. Sa wa ƙofar Palmina kwaɗo ai daidai yake da a ce wa uwa ta share sawun ɗanta daga tsakar gida. Na yi niyyar rubuto miki shafi huɗu a kan jahilcinki.

Sai ranar sha shida ga Agusta, washegarin babban hutu. Na hau na tarar da gari kamar an tashi kasuwa, kwalabe, ɓawon kankana, an zana sunaye biyu cikin hoton zuciya a bangon ɗakinmu. Moɗar ba ta nan. Ta gwangwani ce, a lotse ta gefe ɗaya, da ita Palmina ta sha ruwa da safen ranar. Ko mai sayen tsohon ƙarfe ba zai waiwaye ta ba. Yanzu tana wani falo a Milano ko Jamus, ƙila an dasa mata fure.

Na sauko, na sayi kwaɗo da maƙalinsa da ƙusa huɗu, na sake hawa a ranar, da tsakar rana. Na ture dutsen da ya tokare ƙyauren tun kafin a haifi ubana. Ƙyauren ya ƙi motsi, gindinsa ya nutse a ƙasa, sai da na sa kafaɗa. Kukan da ya yi har yau ina jin sa duk lokacin da maigida ya ja ƙofar gareji. Kada ki ce ke kika sa ni. Ke ba ki sani ba, ni na sani.

Mako bakwai ke nan. In buɗe, in zubar, in cika, in kulle. In sauko ta ce an sha, in ce ba a sha ba. Makon farko ta ce to, wani makon. Na biyar ta tambaye ni ko na gusar da tebur daga wurinsa, ko na yi ashar a cikin ɗakin. Yanzu cokali uku take ci ta ture kwano. Rigar da ta matse ta a Yuli tana yawo a jikinta. Mataji ya koma akwati. Garin gyaran gira ke nan.

Akwai wani abu, ki karanta ki manta. Shekaranjiya na ga tabon laka a jikin ƙyauren, ta waje, daidai ƙuguna. Kamar an dafa da tafin hannu, wuri uku ko huɗu, ƙaramin hannu. Yaran baƙi ne, na sani. Sai dai baƙi sun ɗauke ƙafa tun tsakiyar Satumba, kuma rabonmu da ruwan sama tun Mayu, ko yawu ka tofar a dutsen nan ba ya kai ƙasa. Na goge da hulata. Na karanta littattafai, na gaya miki. Amma har na kai gada ban waiwaya ba.

Yanzu ga inda ake. Ta aika an kira Compare Fortunato, aminin gidanmu mai awaki, ta ce alfadarinsa zai kai ta sama ranar sha takwas ga wata, ranar da dutsen ya zaftaro. Likita ya ce a'a, Fadan coci ya ce a'a. Ta ce su biyun su fara haihuwar 'ya su rasa ta, sannan su zo ta saurare su. Ta ce za ta je ta gani da idonta abin da aka yi wa yarinyar ta yi fushi.

Ana gobe zan hau in cire kwaɗon, in cike ramukan ƙusa da kakin zuma da toka. Na sayi moɗa a kanti na lotsa ta da guduma, na kwana uku ina dirza ta da yashi. Idon Nonna ya yi rauni. Ki yi mini addu'a, ke da kike yi.

Cosimo


Roccamura Marina,
26 ga Oktoba, 1997

Serafì,

Ina gaishe ki, ki gaishe da mamarki. Nonna tana kwance tun da muka sauko, tana shan romo, tana magana. Likita ya ja ni waje ya ce zuciya ce, ya ce kada mu yi dogon shiri. Na rubuta wa Baba. Ni lafiyata ƙalau, abin haushi.

Wasiƙarki ta iso ranar Alhamis, wadda kika ce in faɗa mata gaskiya kafin mu hau. Ta makara da kwana biyar, kuma ko da wuri ta zo da ban bi ba.

Da hantsi muka tashi daga gada, Fortunato yana jan alfadari, ni ina gefe riƙe da ita. Duk kangon da muka wuce sai ta kira sunan mai shi, kamar yana zaune a ƙofa yana gyaran kwando. Muka isa. Ƙofa a buɗe, dutse a wurinsa, tulu, moɗa. Na yi aiki mai kyau, ko kafinta sai haka. Ko kallon tebur ba ta yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi ƙasa, inda gindin ƙyauren ya karta layi kamar jinjirin wata. Shi na manta. Sannan ta bi gefen ƙyauren da yatsa har ta tsaya a kan kakin. Ta sa farce ta ƙwaƙule ramukan ɗaya bayan ɗaya, duka huɗun.

Ta ce, "Kwana nawa?"

Na ce sittin da biyu.

Fortunato ya ce bari ya je ya nemo alfadarinsa, alhali igiyar tana hannunsa.

Sai bakina ya ɓalle. Na ce mata ba Palmina ba ce, Jamusawa ne, 'yan Milano ne, mujalla ce ta kawo su. Na ce sun sace moɗar, wannan ta kanti ce. Na ce na kulle ne don in tsare mata abin da ya rage. Ta zauna a kujerarta ta bar ni na gama, kamar yadda ake barin taya ta gama sacewa.

Ta ce, "Kai mai littattafai. Kujerata ta Marina titi take kallo. Ka ɗauka ban ga motocin ba? Ban ga jajayen ƙwauri suna hawa ba? Ka taɓa jin na tambaye ka wane ne ya sha?"

Na ce to ɓauren fa, waƙar fa.

Ta ce ita ta aiki yarinya ɗebo ruwa, kuma tun ranar ba mahaluƙin da ya jiƙa maƙogwaro a gidanta, shekara arba'in da shida dutsen bakin ƙofa take shayarwa. Ta ce ta riga ta fara tsoron hanyar gidan ta mutu. Da ta ji an sha, sai ta san ƙafa tana iya kawo mai ƙishi har gaban teburin nan. In wanda ya fito daga wata ƙasa, bai ma san sunan titin ba, ya iya gane gidan, ina ga wadda aka haifa a cikinsa.

Na sunkuyar da kai. Ki rubuta ranar, ba ta cika faruwa ba.

Ta juya moɗar kanti a hannu, ta mayar. Ta ce, "Wanda ya ɗauki moɗa ɓarawo ne, Allah ya shirye shi. Amma a buɗe ya bar ƙofar. Kai jinina ne, Cosimo. In ta zo cikin kwanakin nan sittin da biyu fa?"

Ban gaya mata maganar lakar ba. Ba zan taɓa gaya mata ba, ke ma ki tafi da ita kabari.

Ta ce a cire ƙyauren gaba ɗaya. Ni da Fortunato muka ɗaga shi daga mazauninsa muka kwantar a bayan gida. Ita kuma ta juya kujera ta fuskanci hanya, ta zauna jiran wani ya hauro. Muka ci burodi da cuku a tsaye. Rana ta karkata. Ba wanda ya zo, lokacin baƙi ya wuce, sai iska ke shiga tana fita. Da Fortunato ya ce yamma za ta yi mana a dutse, ba ta yi musu ba, kuma wannan ya fi tsorata ni fiye da komai.

Ita ta ce in rubuto miki. Ki sake sa garin a mujallarku, wannan karon da sunan Palmina, shekara bakwai, da sauran goman, ga sunayensu a bayan takardar nan. Ki ce ruwan nasu ne, amma duk wanda ya iso da ƙishi ya sha, ya mayar da moɗa inda ya gan ta. Ga ni nan, ni da na ce ki ƙirƙiro macizai, ina roƙon ki turo mana soyayyun mutanenki. Yi dariya, na ba ki izini, kuma wannan karon abin da nake nufi ke nan. Sai dai ba za su zo ba sai Yuni, likita kuma bai ce Yuni ba.

Jiya Asabar na hau. Tulu cike yake, ganye ɗaya yana yawo a kai. Na daɗe tsaye a ɗakin da ba ƙyaure, hula a hannu. 'Yan gida ba sa sha, na gaya miki tun wasiƙar farko. Amma da ƙishi na hauro, kamar kowa. Na cire ganyen, na ɗiba da moɗar kanti na sha. Ruwan ya kwana bakwai, ɗanɗanon yumɓu yake yi. Na ƙara, na ƙara, har sai da tulun ya yi sauƙi a hannu. Sannan na cika sabo na sauko.

Tana kwance ta fuskanci bango. Ta ji takuna, ba ta juyo ba ta ce, "An sha?"

Na ce an sha.

Ta juyo ta kalle ni, ta daɗe tana kallo. Sai ta miƙo hannu ta goge mini gefen baki da babban yatsa, yadda take yi mini ina ƙarami, ko da yake bakina a bushe yake tun gada.

Ta ce, "Asabar mai zuwa ka tafi da ɓaure."

Ɗan'uwanki,
Cosimo